Bugun Da Ake Yafewa A Wasan Golf Da Ladubbansa

Daga ɗalibin aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida

A shafin wasanni na wannan mako mun ɗan ajiye ƙwallon ƙafa a gefe, za mu leƙa wani wasa da yawancinmu sai a talabijin muke ganinsa, wato golf, wanda wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu. A wannan wasa akwai wata al'ada mai ban mamaki. Ɗan wasa yakan dubi abokin karawarsa ya ce masa, "Ɗauki ƙwallonka, na yafe maka wannan bugun." Ku ɗauka mai tsaron gida ne ya ce wa mai bugun fenariti kada ya wahalar da kansa, a rubuta kawai ya ci. A ƙwallon ƙafa cewa za a yi ya sayar da wasa. A golf kuwa doka ta yarda da haka, har ana yabon wanda ya iya yi. Sai dai abin yana da ladubba, kuma rashin kiyaye su ya taɓa sa manyan 'yan wasa kuka a gaban jama'a.

Yadda wasan yake

Asalin golf daga ƙasar Sikotilan yake. A nan Nijeriya ma akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja da Legas. Cikakken fili yana da ramuka 18. Ƙwallon bai kai ƙwan kaza girma ba, faɗin ramin kuma santimita 10.8 ne. Ɗan wasa zai fara bugo ƙwallo da sanda daga nesa, ya bi shi ya sake bugawa, har ya jefa shi cikin rami. Duk wanda ya yi bugu mafi ƙaranci shi ne gwani.

Kewaye da kowane rami akwai wani dandali mai laushi. Idan ƙwallo ya iso nan ba a ƙara tayar da shi sama, sai dai a tura shi a hankali da wata sanda ta musamman ya gangara. Wani lokaci sai ya tsaya dab da bakin rami, kamar tsawon rula ɗaya ko biyu. Wannan ɗan bugun da ya rage shi ne ake yafewa. Turawa suna kiransa "gimi", kalmar da suka gutsuro daga maganarsu mai ma'anar "ba ni".

A lura da abu ɗaya: bugun da aka yafe ana ƙirga shi. Idan ka yi bugu huɗu aka yafe maka na gaba, biyar za a rubuta. Abin da aka ɗauke maka shi ne wahalar bugawa da fargabar kuskurewa.

Inda aka yarda da inda aka hana

Golf iri biyu ne. Na farko shi ne wasan cin rami. Mutum biyu ne ko ɓangare biyu suke karawa, kowane rami da cinsa, wanda ya ci ramuka mafi yawa shi ya yi nasara. A nan doka ta ba ka damar yafe wa abokin karawarka bugu, ko rami guda, ko ma wasan gaba ɗaya, domin ku biyu kaɗai abin ya shafa.

Na biyu shi ne wasan ƙirgen bugu. Mutane da yawa ne suke gasa, a tara bugun kowa daga ramin farko zuwa na ƙarshe. A nan babu yafiya ko kaɗan. Wanda ya ɗauke ƙwallonsa bai jefa a rami ba, kuma bai gyara ba har ya fara rami na gaba, korarsa ake yi daga gasar. Dalili a fili yake. Idan ka yafe wa wanda kuke tafiya tare, ka cuci sauran da ke can wani sashe na fili suna fama. Kamar jarrabawar ƙarshen zango ce, mai sa ido ba shi da ikon ce wa ɗalibi ɗaya ya bar tambaya ta ƙarshe tunda an san ya iya.

To, masu buga golf don nishaɗi a ranakun hutu sukan ari al'adar yafiya ko da ƙirgen bugu suke yi, tunda ba gasa ba ce. A nan ne gardama ta fi yawa, domin babu alƙalin wasa, sai kunya da mutunci.

Me ya sa ake yafewa?

Na farko saboda lokaci. Zagaya ramuka 18 yakan ci kusan awa huɗu, kuma akwai wasu a baya suna jiran ku gama. Na biyu girmamawa ce, kamar kana ce wa abokinka ka san wannan bai fi ƙarfinsa ba. Na uku dabara ce. Wasu sukan yi ta yafe ƙananan bugu a farkon wasa, sai can kusa da ƙarshe, lokacin da zuciya ke bugawa, su yi shiru. Abokin karawa bai taɓa gwada irin wannan bugun ba duk yinin, ga shi yanzu dole ya yi. A gasa wannan dabara halas ce. Tsakanin abokai kuwa da yawa suna ganin wayo ne marar kyau.

Kada kuma a raina ɗan ƙaramin bugu. A babbar gasar Birtaniya ta 1983, ƙwallon wani gwani ɗan Amurka mai suna Hale Irwin ya tsaya a bakin rami, saura ƙiris ya faɗa. Ya kai sanda da sakaci, sai ta wuce ba ta taɓa ƙwallon ba, aka ƙirga masa bugu. Da aka gama gasar, da bugu ɗaya tak Tom Watson ya fi shi.

Ladubba shida

1. Ba a roƙo. Wanda ƙwallonsa ke kusa da rami ba ya cewa a yafe masa, ba ya kuma tsayawa yana kallon abokinsa da ido mai ban tausayi. Ya nufi ƙwallonsa da niyyar bugawa.

2. Ba ka yafe wa kanka. A kasuwa mai gyaɗa ce ke ƙara wa mai saye gyara, mai saye ba ya zura hannu a faranti ya ɗiba da kansa. Haka abin yake a golf. Ko wanda kuke ɓangare ɗaya da shi ba zai yafe maka ba, mai ɗaukar jakar sanduna ma ba shi da wannan iko. Sai abokin karawa.

3. Mai yafewa ya faɗa da ƙarfi, a ji. Mun saba cewa shiru ma magana ce, amma ban da wurin nan. Gunaguni ko juya baya a tafi duk suna kawo ruɗani. Wanda bai ji da kyau ba ya tambaya, tunda matambayi ba ya ɓata.

4. Idan an yafe, an yafe. Doka ta ce ba a janyewa, wanda aka yafe wa ma ba zai ce bai karɓa ba. Magana zarar bunu ce. Abin da ya dace shi ne a ce na gode, a ɗauke ƙwallo, a ba wasu wuri.

5. A yi yarjejeniya tun kafin bugun farko. Abokai sukan amince cewa duk ƙwallon da ke kusa da rami ƙasa da tsawon sandar turi, daga kanta zuwa inda mariƙinta ya fara, an yafe shi. Ma'aunin da aka yi wa ɗaya shi za a yi wa kowa, babba ko yaro, mai kuɗi ko talaka.

6. Ba a fushi idan ba a yafe ba. Abokinka yana iya ganin wurin yana da gangara, ko kuma bugun shi ne zai raba gardamar ramin. Yana da haƙƙin ya ga ka buga, kuma hakan ba raini ba ne.

Ranar da aka yafe, duniya ta yaba

Akwai gasar da ake kira Kofin Ryder. A 1969 an buga ta tsakanin Amurka da Birtaniya a filin Royal Birkdale da ke Ingila. Aka yi ta fafatawa har aka zo karawa ta ƙarshe, rami na ƙarshe, maki kuma kunnen doki. Jack Nicklaus na Amurka ya jefa nasa ƙwallon. Saura Tony Jacklin na Ingila, wanda a shekarar ne ya ci babbar gasar Birtaniya, ƙasarsa duka tana alfahari da shi. Tsakanin ƙwallonsa da rami kamar ƙafa biyu ne, wato tsawon rula biyu. In ya jefa an yi canjaras, in ya kuskure ƙasarsa ta faɗi a hannunsa a gaban mutanensa.

Nicklaus ya sunkuya ya ɗauke alamar da Jacklin ya ajiye a wurin ƙwallonsa, ya yafe masa. Ya nuna masa cewa bai zaci zai kuskure ba, amma ba zai bar shi cikin wannan hatsari ba. Aka tashi 16 da 16, canjaras na farko a tarihin gasar. Kofin ya ci gaba da zama a hannun Amurka tunda su ke riƙe da shi, duk da haka kyaftin ɗinsu Sam Snead bai ji daɗi ba, shi nasara yake so. Bayan shekaru masu yawa Nicklaus da Jacklin suka haɗu suka tsara wani filin golf a jihar Fulorida, aka sa masa suna don tunawa da wannan yafiya.

Ranar da ba a yafe ba

A 2015 an buga Kofin Solheim, gasar mata tsakanin Turai da Amurka, a ƙasar Jamus. A rami na 17, ƙwallon Alison Lee ta Amurka, 'yar shekara 20, ya tsaya kamar kamu ɗaya daga rami. Ta zaci an yafe mata, sai ta ɗauke. Suzann Pettersen ta ɓangaren Turai ta ce su ba su yafe ba. Aka ba Turai ramin, suka ci karawar. Lee ta fashe da kuka, Charley Hull ma da ke ɓangaren Pettersen ta yi kuka. Turai ta shiga zagayen ƙarshe tana gaba da 10 da 6, amma abin ya harzuƙa 'yan Amurka, suka farfaɗo suka ci kofin da 14 da rabi, Turai na da 13 da rabi. Washegari Pettersen ta fito ta nemi afuwa. Doka tana bayanta, amma mutane da yawa sun ga ta rasa wani abu da ya fi rami ɗaya daraja. Ita ma Lee, da ta tambaya kafin ta ɗauka, da duk haka bai faru ba.

A 2019 kuma, a wata gasa a jihar Tekzas, Sergio Garcia na Sifaniya ya kuskure bugu, ƙwallonsa ya tsaya dab da rami. Cikin fushi, kafin Matt Kuchar ya buɗe baki, ya kai masa bugu da bayan sanda, ƙwallon ya ƙi shiga. Kuchar ya ce da ma zai yafe, amma bai riga ya faɗa ba, kuma ba a yafe bugun da aka riga aka yi. Garcia ya rasa ramin. Sauri ya haifi nawa.

Illar yawan yafiya

Mai wasan nishaɗi da ya saba kullum ana yafe masa yakan ɗauka ya ƙware. Makinsa a takarda ya yi kyau, amma hannunsa bai saba da ƙananan bugu ba. Ranar da ya shiga gasar da babu yafiya, sai hannu ya kama rawa. Daidai yake da ɗalibin da kullum wani ke ƙarasa masa aikin gida, ranar jarrabawa asirinsa ke tonuwa. Shi ya sa wasu masu koyo sukan gaya wa abokansu tun farko cewa su dai a bar su su jefa kowane ƙwallo.

Abin da ya shafe mu

Wataƙila yawancinmu ba za mu taɓa riƙe sandar golf ba. Amma muna buga ƙwallo a filin makaranta lokacin tara ba tare da alƙali ba, muna yin langa da dara, muna kuma gasar kacici-kacici tsakanin azuzuwa. A duk waɗannan akan zo wurin da doka ta ba ka dama, amma zuciyarka ta san abin da ya fi kyau. Idan kai ne mai ikon yin rangwame, ka yi shi a fili, ka yi wa kowa daidai, kada ka dawo kana gori. Idan kai ne mai jiran rangwame, kada ka ɗauka sai an ba ka, in ba a ba ka ba ka yi aikinka ba tare da ƙorafi ba.

Ga tambayar wannan mako: da kai ne Nicklaus, abokan wasanka suna kallonka, nasara na iya zuwa idan Jacklin ya kuskure, za ka yafe ko za ka bar shi ya buga? A rubuto amsa da dalili a ba kowane ɗan Ƙungiyar 'Yan Jarida. Amsoshin da suka fi ma'ana za mu liƙa su a wannan allo mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Malamanmu ma muna jiran taku.