Yadda Yanayi Ke Sauya Dabarun Masunta A Gasar Kamun Kifin Bass Ta Amurka

A watan Fabrairun 2015, masu fafatawa a gasar Bassmaster Classic sun wayi gari a bakin tafkin Hartwell da ke jihar South Carolina cikin sanyin da ya kai kusan digiri 12 ƙasa da sifili. Wasu jiragen sun daskare a kan tirelolin da suka ɗauko su, har sai da aka jinkirta fara gasar. Duk dabarun da suka gwada a kwanakin share fage sun shiga shakku a safiya guda.

Gasar, wadda ƙungiyar B.A.S.S. ta fara shiryawa a 1971, ta sha bamban da ta Argungu, inda babban kifi ɗaya ke ba da nasara. A nan kowane masunci yana fita da fatsa a jirgi mai inji, ya kawo kifi biyar kacal a rana, kuma da ransu, domin mataccen kifi na jawo ragin maki. Bayan kwana uku sai a haɗa nauyin. Ba a yarda da tana ko ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya ba, sai na roba, ƙarfe ko katako.

Abin da ke wahalar da masuntan shi ne, zafin jikin kifin bass yana bin na ruwan da yake ciki. Idan ruwa ya yi sanyi, kuzarinsa na raguwa, ya gangara ƙasa, ba ya bin abin da ke gudu. Dole a kai masa ƙugiya har gabansa, a ja ta sannu a hankali. Idan ruwan ya fara ɗumi ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, sai ya hauro gefen tafki domin yin ƙwai. Hadari da iska kan sa ya fito farauta, rana mai haske bayan wucewar sanyi kuwa takan sa ya maƙale a cikin ciyawa ko ƙarƙashin katako. Hatta launin abin da ake sa wa ƙugiya yana bin tsabtar ruwa: mai duhu ko mai ƙara a gurɓataccen ruwa, mai kama da kifin gaske a ruwa garai-garai.

Casey Ashley, ɗan asalin yankin, shi ya lashe gasar ta 2015 da nauyin kilo 22 da ɗoriya. Ya bi kwazazzabai masu zurfi na ƙarƙashin tafkin, yana jan wata ƙugiya mai ɗan faifan ƙarfe da mahaifinsa ya ƙera a gida.

Wani lokacin kuma sauyin na buri ne. A 2005, a kogunan Pittsburgh inda manyan kifi suka yi ƙaranci, Kevin VanDam ya haƙura da neman ƙato, ya tattara ƙanana, ya yi nasara da nauyin da bai kai kilo 6 ba a kwana uku.

A 'yan shekarun nan na'urar hango kifi ta gaban jirgi, irin LiveScope da kamfanin Garmin ya fitar a 2018, ta jawo muhawara, inda tsofaffin masunta ke ganin ta rage darajar karantar yanayi. Akwai gaskiya a ƙorafin nasu, sai dai na'urar tana nuna inda kifin yake ne kawai. Abin da zai sa ya kama ƙugiya a ranar, masuncin ne zai gano shi kafin lokacin awo ya cika.