Ƙauyukan da Ruwa Ke Hawa Mita Goma Kowace Shekara

Ƴan uwa mata, mu da muka saba ɗaga kai sama muna jiran hadari, yau bari mu leƙa inda ruwa ke zuwa har ƙofar ɗaki, ya yi wata uku bai tafi ba. Wurin yana ƙasar Birazil, cikin dajin Amazon, a yankin Mamirawa, inda kogin Japura ke haɗuwa da babban kogin Amazon. Birni mafi kusa shi ne Tefe, mai tazarar fiye da kilomita 500 daga Manawus, babban birnin jahar. Babu hanyar mota da ta kai Tefe: ko jirgin ruwa, ko na sama.

Ƙauyukan ƙanana ne, wasu ba su wuce gida goma ko ashirin ba, jere a bakin kogi. Gidajen na katako ne, an ɗora su bisa dogayen turaku. Wasu kuma bisa manyan gungumen itace suke, suna yawo saman ruwa an ɗaure su da igiya: ruwa ya hau su hau, ya sauka su sauka.

Kogi ne ke tsara shekara

Kowace shekara kogin yana hawa mita 10 zuwa 12. Wajen watan Mayu zuwa Yuli ya cika maƙil, ya shanye gonaki da daji. A lokacin, ko gidan maƙwabciya za ki sai da kwalekwale. Yara da shi suke zuwa lakwal. Shanu da kaji ana haɗa musu dandamalin katako mai suna maromba, a riƙa yanko musu ciyawa a kwalekwale. Mata kuwa sukan ɗaga tsohon kwalekwale bisa turaku, su cika shi da ƙasa, su shuka albasa da barkono da ganyen miya.

Daga watan Agusta ruwa ya fara ja, ya bar laka mai taki. Sai a yi maza a shuka rogo, masara, wake da kankana. Ba a jinkiri, domin dole a tone rogon kafin ruwa ya dawo. In ya dawo da wuri, gida duka ake fita, dare da rana, a ceci abin da aka iya.

Rogo da kifi, safe da yamma

Rogon nan da muke ci, asalinsa daga wannan nahiya ta Kudancin Amurka ne, Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka. Wanda suka fi nomawa mai ɗaci ne, yana da guba, ba a cinsa haka nan. Ana jiƙa shi cikin ruwa kwanaki, a ɓare, a murje, a zuba cikin wata doguwar jaka saƙaƙƙiya mai suna tipiti a matse ruwan, a tankaɗe, sannan a soya bisa wani faffaɗan kasko. Abin da ya fito suna ce masa farinya, ɗan uwan garin rogonmu ne. Shi ne cimarsu tare da kifi, shi ne kuma ajiyarsu, don yakan yi watanni bai lalace ba. Jiƙo, ɓara da tankaɗe, yawanci a hannun mata suke.

Wahalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce nisa. Mace na naƙuda, ko maciji ya sari yaro, likita tana can birni, tafiyar awoyi a kwalekwale mai ƙaramin inji da suke kira rabeta. In babu kuɗin esansi, babu tafiya. Shi ya sa ungozoma ke da daraja ƙwarai a waɗannan ƙauyuka.

Nisan nan ne kuma ya daɗe yana jefa su cikin bashi. Tun zamanin cinikin roba, fatake kan biyo kogi da sukari, gishiri, kananzir da yadi, su ba da bashi, su karɓi kifi ko garin rogo a farashin da suka ga dama. Kafin ka biya na bara, na bana ya hau. Wannan dai mun san irinsa.

Kifin da ake ƙirgawa

Babbar dukiyar yankin wani kifi ne mai suna piraruku, wanda kan kai tsawon mita 3 da nauyin kilo 200. Saboda yawan kamu, ya kusa ƙarewa a tafkuna da dama. A shekarar 1996 gwamnatin jaha ta mai da Mamirawa yankin da ake kare daji ba tare da an kori mazauna ba. A 1999 masunta na sashen Jarawa, tare da masana, suka fara wata dubara.

Shi wannan kifi dole ne ya riƙa leƙowa sama yana shaƙar iska. Sai masunta su jeru cikin kwalekwale tsit, kowa da yankinsa, su yi minti 20 suna ƙirga duk wanda ya leƙo. Gwanayensu daga ƙara da motsi suke gane babba da ƙarami. Da wannan lissafi hukuma ke ba da izinin kama abin da bai wuce kashi 30 cikin 100 na manyan ba, kuma ba a taɓa wanda bai kai mita ɗaya da rabi ba. An raba tafkuna uku: na hayayyafa, ba mai shiga; na abincin gida; da na sayarwa. Ana gadi bi da bi, kuma rabon kuɗi gwargwadon aikin da mutum ya yi wa ƙungiya ne. Mata na wanke kifi, suna awo, suna rubuta lissafi, a wurare da dama kuma suna da kasonsu. A Jarawa, kifin ya tashi daga dubu biyu da ɗoriya a 1999 zuwa fiye da dubu 20 a 2006.

Ran da kogi ya ƙafe

Sai dai yanzu kogin ya fara saɓa alƙawari. A 2021 aka yi ambaliyar da ba a taɓa auna irinta a Manawus ba tun da aka fara awo a 1902: ruwa ya kai mita 30. A Oktoban 2023 kuma ya sauka zuwa mita 12.70, a 2024 ya ƙara yin ƙasa. Ruwan tafkin Tefe ya yi zafi har digiri 39, kifaye suka mutu birjik, tare da dabbobin ruwan nan da ake kira dolfin fiye da 150. Jirage suka kafe cikin yashi. Ƙauyuka suka yanke daga kasuwa da likita, mutane na tafiyar kilomitoci a ƙasa cikin laka da kaya a ka. Abin mamaki, a bakin kogin da ya fi kowanne ruwa a duniya, ruwan sha ya gagara. Ran nan, gidan da ke da buhunan garin rogo da tankin ruwan sama shi ne mai arziki.

Mu farinmu na ƙarancin ruwan sama ne, su nasu na ƙafewar hanya. Amma dokar masuntan nan ba baƙuwa ba ce a tabarmar taronmu: a ƙirga gaban kowa, a ci riba a bar uwa, wanda ya yi gadi shi ke da rabo. Ran zubi mai zuwa, bayan an rufe asusu, a tambayi juna: in hanyar kasuwarmu ta yanke wata biyu, mi ke cikin rumbu?