Ma'aunin Zafi da Ban-Ruwan Lambu

Ya ku manoma da dagatai, kun sani ruwan rijiya da na fadama ba ya ƙaruwa da rani, sai raguwa. Wanda ya iya auna zafin rana, ya kuma auna ruwan da ya ke ba lambunsa, shi ne zai kai damina bai yi hasarar amfani ba.

Ma'aunin zafi yana da lissafi iri biyu. Na fari wani masani Faranhait ya tsara shi a 1724, shi ne mutanen Amurka su ke bi. Na biyu ana kiransa da sunan Salsiyas, mutumin Suwidin, wanda ya fito da shi a 1742, shi ne mu ke bi a ƙasarmu. Matakan da aka zana a jikin ma'aunin su ake kira digiri. A lissafin Salsiyas ruwa yana daskarewa a 0, yana tafasa a 100. A na Faranhait kuwa yana daskarewa a 32, yana tafasa a 212. Ashe tsakanin daskarewa da tafasa wannan yana da mataki 100, wancan 180. Watau mataki 5 na Salsiyas daidai su ke da 9 na Faranhait.

In kun ga 95 na Faranhait a takardar iri, ku ɗebe 32, saura 63. Ku riɓa sau 5, ku raba gida 9, sai ku sami 35. Amma fa in tazara ku ke nema, ba a ɗebe kome. Zafin da ya tashi daga 20 da safe zuwa 35 da azahar ya ƙaru da 15. A ɗaya lissafin daga 68 ne zuwa 95, watau 27.

Ku rataye ma'aunin a inuwa, daidai ƙirjin mutum, inda iska ke ratsawa. In zafi ya wuce 35, kamar yadda ya kan yi da bazara, furen tumatir ya kan zube bai ɗaura 'ya'ya ba, ƙasa kuma ta bushe da sauri.

Akwai famfo mai fesa ruwa kamar yayyafi, wanda ake shayar da ciyawar ado da shi, waɗansu kuma sun kai shi lambu. In aka buɗe shi da tsakar rana, ko ana iska, sashen ruwan sai ya bi iska tun bai kai saiwa ba. Ku bari sai da sassafe.

Ga yadda za ku san abin da ya ke zubarwa. Ku jera gwangwanaye masu miƙaƙƙen jiki cikin fangali, ku buɗe famfo rabin sa'a, sa'an nan ku auna zurfin ruwan da ya taru. Zurfin milimita 1 a fili mai mita ɗaya tsawo da fāɗi lita 1 ke nan. Fangali mai mita 5 tsawo, 2 fāɗi, in ya sami milimita 5, ya sha lita 50, kusan garwa uku.

Dagatai, ku karanta wa talakawanku wannan takarda, ku tsara musu lokacin ɗiban ruwa, domin kada rijiya ta ƙafe tun amfani bai nuna ba.