Shuɗin rini a kan fatar mai soriyasis

Fatar mutum tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta. A jikin mai cutar soriyasis kuwa, garkuwar jiki ce ke rikicewa ta hura wutar kumburi, sai fata ta riƙa yin wannan aiki cikin 'yan kwanaki. Sabuwa ta taso tsohuwa ba ta zube ba, ga ɓawo mai kauri a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai, ga ƙaiƙayi. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, ko da yake sau da yawa ana gudun mai ita kamar mai ƙazuwa.

Tsirrai sun daɗe da sa hannu a maganinta. A 1947 masu bincike a Alƙahira suka tace sinadarin soralin daga wani tsiro da ke fitowa a gaɓar kogin Nilu, kuma a 1974 likitocin Harvard suka haɗa shi da hasken fitila na musamman. Ya yi aiki, sai dai yawan amfani da shi yana ƙara haɗarin kansar fata.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne shuɗin rini. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna amfani da wani shuɗin gari da ake samu daga ganyen tsirran rini, ɗan'uwan baban da ake zubawa a marinar Ƙofar Mata. A 2008 likitocin asibitin Chang Gung na Taiwan suka gwada shi a kan mutum 42. Dabarar tasu ta burge: a jikin mutum ɗaya, wani tabo a shafa masa man da ke da shuɗin, wani a shafa masa man zalla. Bayan mako 12, wajen da aka shafa shuɗin ya fi washewa nesa ba kusa ba. Sinadarin indirubin da ke cikinsa yana rage gaggawar ƙwayoyin fata, yana kuma kwantar da kumburi.

Kada wani ya ruga karofi da kwano. Ruwan rini akwai toka a ciki, kuma mutum 42 ba su isa a yanke hukunci ba. Man ma yana ɓata tufafi. Haɗiyar garin ta fi muni: a Japan an samu masu shansa don ciwon hanji da jini ya hau musu a jijiyoyin huhu, abin da ya sa hukumar lafiyar ƙasar ta yi gargaɗi a kansa.