Bindigar Iska Mai Matsakaicin Farashi: Me Ya Kamata A Duba Kafin A Saya?

Duk shekara idan kaka ta yi, aka kwashe amfanin gona zuwa gida, sai wani sabon yaƙi ya tashi tsakanin mai hatsi da baƙin da ba su jiran gayyata. Ɓera da gafiya suna sito, kurege yana gonar gyaɗa, hasbiya da tantabarun gari suna kan shanya. Masu kiwon kaji kuwa ba su san hutu ba rani da damina, domin ɓera yana cin abincin kaji, yana fasa ƙwai, wani lokacin har ya kashe 'yan tsaki. Makamin da muka saba ɗauka shi ne guba, ko shinkafar ɓera ko fiya-fiya, kuma kowa ya san ɓarnar da take yi idan ta kauce hanya: kaza ta tsattsaga ta mutu, kyanwa ta ci mushen ɓera ta bi shi, ballantana a yi maganar yaro mai rarrafe. Wannan ne ya sa nake yawan samun tambaya daga ɗalibaina da abokan aiki masu 'yar gona a bayan gari, cewa shin bindigar iska za ta yi aikin? In za ta yi, wacce ya kamata mai matsakaicin ƙarfi ya saya?

Kafin a kai ga farashi, akwai maganar doka, kuma a nan ne mutane da yawa suke yin kuskure. Suna ɗauka tunda ba ta amfani da albarushi, bindigar iska 'yar'uwar danƙo ce. Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ba haka ta ɗauke ta ba. Ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi da aka haramta, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa. Akwai na ɗura albarushi ta baki irin su adaka, waɗanda Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha ke ba da lasisinsu. A tsakiya kuma akwai waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, kuma a wannan rukuni aka sa bindigar iska, kafaɗa da kafaɗa da bindigar farauta mai baki biyu. Dokar ta hana a ba wanda bai kai shekara 17 ba lasisi, haka ma mai raunin gani da mai taɓin hankali. Ƙaramar bindigar iska ta hannu kuwa tana cikin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su ɗungurungum. A 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da bayar da sabon lasisin ƙananan makamai. Saboda haka matakin farko shi ne mutum ya je hedikwatar 'yan sandan jiharsa ya ji halin da ake ciki. Wanda bai samu takarda ba, to ya haƙura da tarko. Duk abin da zan faɗa daga nan na wanda ya tsallake wannan siraɗi ne.

Ita dai bindigar iska tsohuwar fasaha ce. Sojojin Ostiriya sun riƙe wata mai suna Girardoni tun wajen 1780. Yau ana samun ta kashi uku, gwargwadon yadda ake matsa iskar da ke tura harsashi.

Ta farko ita ce mai sifirin. Za ka karya bututunta ƙasa, ka danne sifirin, ka sa harsashi ɗaya, ka mayar. Idan ka ja kunama sai sifirin ya tura fistin, fistin ya matsa iska, iska ta fitar da harsashi. Ba ta bukatar komai sai ƙarfin damtsenka. Ta biyu ita ce mai 'yar tukunya da ake cikawa da iska tun kafin a fita, wadda aka fi sani da PCP. Ta uku tana aiki ne da ƙananan kwalaben iskar CO2 masu nauyin giram 12.

Ta ukun nan ba na ba kowa shawarar ya saye ta a ƙasarmu. Ƙarfinta yana hawa yana sauka da yanayin zafi, wato saitin da ka yi da sanyin asubar hunturu ba shi za ka tarar ba da azahar ɗin watan Afrilu, kuma kwalaben idan sun ƙare sai ka jira mai zuwa daga waje. Mai tukunya kuwa, in gaskiya za a faɗa, ta fi sauran daɗin harbi: ba ta girgiza, ba ta da ƙara sosai, wadda take da gidan harsashi kuma tana harbi a jere. Matsalarta cikawa. Tana son matsin iska na bar 200 ko fiye, alhali tayar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 3. Injin mai faci ba zai ko kusanci abin da take so ba. Dole ka haɗa da famfo na musamman, ka kuma yi gumi, sannan ƙurar hunturu da raɓar damina duk abokan gabar 'yan robobin da ke riƙe iskarta ne. Akwai wani haɗari da ya kamata in ambata da babbar murya, saboda na san halinmu na dabara: kada wani ya kuskura ya kai ta wurin mai walda a cika masa da iskar oksijin. Oksijin mai matsi idan ya haɗu da maiƙo, fashewa yake yi.

A ganina, mai matsakaicin kuɗi a nan ƙasar, mai sifirin ce tasa. Kuɗin da zai sayi PCP ta ƙasan layi tare da famfonta zai sayi mai sifirin ta ƙwarai, wadda za ta yi shekara ashirin tana aiki in ana sauya mata sifirin da roba idan sun gaji.

To a cikin masu sifirin ɗin, wacce? A nan ne 'yan kasuwa suke yi wa mai saye wayo, kuma da lamba suke yin sa. Za ka ga an rubuta a jikin kwali da manyan baƙaƙe cewa harsashinta yana gudun ƙafa 1,200 a daƙiƙa, wato wajen mita 365. Abin da ba su rubutawa da manyan baƙaƙe shi ne, da wani harsashi marar nauyi aka auna wannan gudun, wanda babu maharbin da zai yi farauta da shi. Ban da haka, sauti yana gudun wajen mita 343 ne a daƙiƙa, kuma harsashin bindigar iska, mai ƙugu a tsuke da gindi a buɗe, yana rasa natsuwarsa idan gudunsa ya kusanci na sauti. Wato abin da ake tallatawa a matsayin falala shi ne yake ɓata saiti. Bindiga mai sifirin mai tsananin ƙarfi kuma tana da wuyar karyawa, tana da dukan kafaɗa, tana da nauyi. Mutum zai harba goma hannunsa ya fara rawa.

Abin aunawa na gaskiya shi ne ƙarfin da harsashi yake ɗauke da shi, wanda ake lissafawa da jul: rabin nauyi sau gudu sau gudu. Harsashi mai kaurin milimita 4.5 yana da nauyin kusan rabin giram, in ya fita da gudun mita 250 ƙarfinsa ya kai jul 16. Mai milimita 5.5 yana da kusan giram ɗaya, gudun mita 180 kawai yake bukata ya ba da wannan ƙarfin. Na zaɓi jul 16 ne da gangan, domin a Ingila nan ne iyakar abin da doka ta yarda a riƙe ba tare da lasisin bindiga ba, kuma da wannan ƙarfin maharbansu suke kashe zomo da ɓera da kurciya shekara da shekaru. Jamus ma tata iyakar jul 7.5 ce. Wanda ya samu bindiga mai jul 16 zuwa 20 ya samu abin da zai ishe shi.

Tsakanin milimita 4.5 da 5.5 an daɗe ana musu. Ta farko harsashinta yana tafiya a miƙe, bai cika sunkuyawa ba, don haka wanda bai iya ƙiyasin nisa ba ya fi samun sauƙi da ita. Ta biyu harsashinta yana lanƙwasa a hanya, amma idan ya sauka ya fi barin ƙarfinsa a jikin abin da ya samu maimakon ya huda ya wuce. Don gafiya da kurege a tazarar mita 20, ni 5.5 zan ɗauka. Sai dai in mutum ya bincika ya ga 4.5 ne kawai ake samun harsashinta a inda yake, to ya bi kasuwa, domin bindigar da ba ta da harsashi sanda ce mai tsada.

Me ƙarin kuɗin yake saya, tsakanin mai araha da matsakaiciya? Abu uku: bututun da aka yi wa aiki da kyau, kunama mai laushi wadda za ka san lokacin da za ta saki, da kayan gyara da ake iya samu. A cikin ukun nan kunama ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi ɓata harbi. Idan sai ka ja da ƙarfi kafin ta saki, bakin bindiga ya riga ya goce. Kamfanonin Jamus biyu, Weihrauch da Diana, sun yi suna a wannan mataki, musamman HW95 da Diana 34, kuma kunamar Weihrauch da ake kira Rekord ta shafe fiye da shekara 60 ana yabon ta. Hatsan na Turkiyya da Gamo na Sifen sun fi sauƙin kuɗi, sai dai yawancin ƙirarsu an karkata ta ne wajen ƙarfi, don haka a cikinsu ma a nemi mai matsakaicin ƙarfi. Araha ba ta ado, amma tsadar da ta wuce wannan mataki yawanci kyan katako da sheƙin ƙarfe take saya, kuma ɓera bai damu da su ba.

Kada a ƙarar da kuɗin duka a kan bindigar. Madubin saiti da ake haɗawa kyauta a cikin kwali ba ya daɗewa, domin mai sifirin tana girgiza baya da gaba, irin girgizar da take kwance madubin da ba don ita aka yi shi ba. Gara a fara da saitin ƙarfen da ke jikinta, daga baya a sayi madubi na ƙwarai. A sayi harsashin dalma mai zagayayyen kai, a gwada iri biyu ko uku, domin kowane bututu da irin wanda yake so. Ga ma'aunin da nake ba kowa: ka zana da'ira daidai marfin kwalbar lemo a kan kwali, ka jingina shi da tudun ƙasa. Iyakar nisan da za ka iya zuba harsashi biyar a jere cikin wannan da'ira, shi ne iyakar nisan da ya halatta ka harbi mai rai. Ga yawancin mutane bai wuce mita 25 zuwa 30 ba. Abin da ya wuce haka raunata dabba ne, ta tafi ta mutu cikin azaba a rami. Kada a harba ta ba harsashi, yana lalata fistin. Kada kuma a zuba mata baƙin mai a inda iska take matsuwa, domin zafin matsin yana kunna shi kamar injin dizal.

Akwai aikin da ba nata ba. Tsuntsun jan-baki da ke sauka dubbai a gonakin shinkafa na Kebbi da kwarin Haɗeja ya fi ƙarfin kowace bindiga. Gada da gyado ma sun fi ƙarfinta. Ɓera kansa ba za ta ƙarar da shi ba in sito yana da ramuka kuma hatsi yana zube a ƙasa. Wanda aka kashe kuma kada a taɓa shi da hannu, a ɗauke da shebur a binne, saboda zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, ta fitsari da kashi da jinin ɓera yake yaɗuwa.

Saura siffa. Kamfanoni da yawa yanzu suna ƙera bindigar iska baƙa wuluk, mai kama da ta sojoji, don ta burge samari. A Turai wannan ado ne kawai. A hanyar Gusau ko Birnin Gwari kuwa, jami'in tsaro ko ɗan sa-kai da ya hango ka da ita da magariba ba zai tsaya tambayar milimita nawa ba ce. A zaɓi mai ƙotar katako wadda kowa ya gani ya san ta farauta ce, a ɗauke ta cikin jaka, lasisi yana aljihu, mai unguwa da maƙwabtan gona kuma su san da zamanta. A gida a kulle ta, harsashi a wani wuri dabam, mabuɗi a hannun mutum ɗaya. Harsashin da aka harba sama yana iya tafiyar mita 300 kafin ya faɗo, wanda ya bugi siminti ko langa-langa kuma yana dawowa, don haka kafin a ja kunama a duba abin da ke bayan ɓeran, ko bangon ƙasa ne ko zanan gidan maƙwabci.