Gidan Haya a Kankiya da Kusada: Tsadar Gyara da Kuɗin Haya

A da, in ma'aikaci ya karɓi kuɗin sallama, ko manomi ya sayar da hatsi da daraja, shawarar da ake ba shi ɗaya ce: ya gina gidan haya, domin ƙasa ba ta ruɓewa. Ƙasa kam ba ta ruɓewa, amma kwano yana tsatsa, gara tana cin katakon rufi, masai yana cika, kuma duk mai gida ne zai biya.

Lissafin ya rikice ne daga 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Aka kuma saki naira, dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500. Buhun siminti da bai fi naira 5,000 ba a farkon 2023 ya haura 10,000 a wasu wurare cikin Fabrairun 2024, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge. Siminti kuwa daga nesa ake kawo shi, irin su Obajana ta jihar Kogi ko Kalambaina ta Sakkwato. Tifar yashi, rodi, fenti, ladan magini da na kafinta, babu wanda ya tsaya.

To wa zai biya? Kankiya tana kan hanyar Kano zuwa Katsina, tana da babban asibiti da makarantar koyon aikin lafiya, don haka ba a rasa ɗalibai da ma'aikata masu neman ɗaki ko ciki da falo. A Kusada akasarin mutane a gidan gado suke zaune. Ɗan haya bai wuce malamin makaranta ko ma'aikacin da aka turo ba. Su kuma albashinsu ne ma'auni. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a 2024, amma abinci da kuɗin mota suka riga mai gida cinye ƙarin. Ga kuma kunya. Mutumin da kuke sahu ɗaya a masallaci, 'ya'yanku na Islamiyya ɗaya, da wane baki za ka ce masa ka ninka kuɗin haya?

Hanya mafi sauƙi ta gane asarar ita ce a auna haya da buhu. A ce ɗaki naira 50,000 ne a shekara: da yana sayen siminti buhu goma, a farashin 10,000 kuwa biyar kacal. Ko mai gida ya ƙara 20,000, buhu bakwai ya samu.

Abin da ke biyo baya shi ne ya fi damuna. Mai gida ya daina gyara. Kwano ɗaya ya fara yoyo a watan Yuli, ɗan haya ya tara bokiti, silin ya kumbura, katako ya ruɓe, badi kuma rufin ɗakin gaba ɗaya za a sauke.

Mafita ita ce mai gida ya ware kason gyara daga kowace haya tun ranar da ta shigo hannunsa, ya duba rufi kafin ruwan farko. In ƙari ya zama dole, a yi shi kaɗan-kaɗan, a sanar da ɗan haya da wuri, a rubuta a gaban shaidu wa ke da alhakin yashe masai, wa ke biyan kuɗin wutar KEDCO.