Interlukin-2: Saƙon Da Ke Raya Dakarun Jiki

Fararen ƙwayoyin jini su ne dakarun da ke kare jikin ɗan'adam daga cuta, kuma suna isar wa juna saƙo ne ta hanyar wasu ƙananan sinadaran furotin. Ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai shi ne interlukin-2, wanda ke umartar wani rukuni na dakarun, wato ƙwayoyin T, da su hayayyafa idan cuta ta kawo hari.

A da, ƙwayoyin T ba sa daɗewa a raye cikin ɗakin bincike. A 1976 ne Doris Morgan da Francis Ruscetti da Robert Gallo, na Cibiyar Binciken Ciwon Daji ta Amurka, suka gano wannan sinadari mai raya su. Samun damar renon ƙwayoyin ya taimaka wajen gano ƙwayar cutar ƙanjamau a 1983, domin a cikinsu take yaɗuwa.

Sai dai ɗan kaɗan ake iya tacewa daga ƙwayoyin jini. A 1983 Tadatsugu Taniguchi na ƙasar Jafan ya ware ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin sinadarin. Daga nan masana suka dasa ta cikin bakteriyar E. coli, wadda ta riƙa samar da shi da yawa.

A 1992 Amurka ta amince da shi a matsayin maganin ciwon dajin ƙoda da ya bazu. Amma idan aka ba da shi da yawa, yakan sa ruwa ya tsiyaye daga ƙananan jijiyoyin jini, ƙarfin jini ya faɗi. Saboda haka likitoci ke sa ido sosai a kan majiyyaci.